Ƙwallon da Ba a Ɗaga wa Ousmane Ba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta raba Ousmane da tuƙin tasi, ya koma zaman ɗaki, ba ya ko ɗaga labule. Issoufou, ƙanin matarsa, shi ya lallaɓa shi zuwa filin pikilbol na Germantown, inda tsofaffi ke buga ƙwallon roba mai huji-huji a kan gajeriyar raga. Hamida, yayar Issoufou kuma matar Ousmane, ta ce wa ƙanin nata, "Ka riƙe shi a nan. In ya bari, ba zai sake fita ba."

Ousmane ya haddace sunayen bugu tun kafin hannunsa ya iya. Dink shi ne a taɓa ƙwallo a hankali ta faɗa gab da raga. Lob kuwa a ɗaga ta ta wuce saman kan mutum, dole ya ja da baya da gudu. Ba wanda ya rubuta dokar, amma a filin nan ba a yi wa mai jan ƙafa lob, don kada ya faɗi.

Ranar wata Asabar suka kara, suruki da suruki. Ousmane ya matso har bakin raga, bayansa wayam. Ƙwallo ta zo wa Issoufou daidai ɗagawa. Ya dubi ƙafar hagun da Ousmane ke ja, sai ya tura ta a hankali wajen hannun Ousmane mai lafiya. Ousmane ya maka ta ƙasa, wasa ya ƙare, 'yan kallo suka tafa.

Suka shiga mota, suka hau babban titi.

"Da gangan na bar maka baya," in ji Ousmane. "Me ya hana ka lob?"

"Ban gani ba, Yaya."

"Ka gani. Tun yaushe kuke ciyar da ni ƙwallo kamar mai shan kunu a cokali?"

"To in ka faɗi fa? Me zan gaya wa Hamida?"

"Ka ce mata mijinta ya faɗi yana wasa. Ba za ka ji daɗin faɗin haka ba?"

Issoufou ya ƙara riƙe sitiyari. Ya rasa wanne ne cutarwar, faɗuwar ko tausayin.

"Asabar mai zuwa zan yi maka lob, wallahi."

Ousmane ya ajiye abin bugunsa a kujerar baya.

"Yanzu ko ka yi, don na roƙa ne. Kada ka zo ɗaukata."