Ranar da Makara Ta Biyo Ta Ƙofar Sauri

Mannir na cikin ɗaura kwalin zanga-zanga na uku a jikin bishiyar bedi, wato dogon yaro, sai wani mai kurkura, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya kashe injinsa, ya leƙo da kai, ya tambaye shi nawa aka biya su.

"Ba wanda ya biya mu, Malam."

"To ku dai ci ku kaɗai. Ni fasinja gare ni, kuma Turawan da suka aiko ku ko hanyar Ƙofar Sauri ba su sani ba."

Tun ƙarfe bakwai na safe suke zaune a tsakiyar titin, samari ashirin da 'yan kai da mata huɗu, sun shimfiɗa tabarmi, sun gitta benci biyu. Abin da ya fito da su bedi ne guda goma sha bakwai da ke jere a gefen hanya, waɗanda aka shafa wa jan fenti don za a faɗaɗa titi. Mannir malamin sakandare ne, labarin ƙasa yake koyarwa, kuma ya rubuta takardun koke har hannunsa ya gaji. Ya yi bayanin sauyin yanayi, ya yi bayanin zafin bana da ambaliyar bara, ya nuna cewa za a iya karkatar da aikin ta ɗaya gefen a bar itatuwan. Ba wanda ya ce masa ko kanzil. Da aka ce yau masu sara za su zo, sai suka riga su isowa.

Mutanen gari kuwa kowa da karatunsa. Wani ya rantse 'yan adawa ne suka turo su. Wani ya ce daloli ne daga waje, shi ma ya san wanda ke rabawa. Wani dattijo ya ce zafi na Allah ne, yaran zamani ne kawai ke neman su shiga aikin da ba nasu ba. Kuma duk masu wannan magana, wallahi, a inuwar bedin nan suke tsaye suna yin ta.

Zagin bai dami Mannir ba. Abin da ya hana shi sakat wata farar a-kori-kura ce da ke ajiye can bakin gidan mai, da mutum huɗu a bayanta, injinan yankan itace a gabansu. Ma'aikatan ɗan kwangila ne. Ba su zo sun yi faɗa ba, ba su kira 'yan sanda ba, rake ma suke sha. Mutumin da aka tare wa aiki ya zauna yana shan rake, ai akwai abin da yake jira. Shi ya sa da wata mata ta kawo musu kunun zaƙi sadaka, Mannir ya hana kowa taɓawa don gudun kada an zuba wani abu a ciki, matar ta tafi tana Allah ya isa.

"Ka fara zargin kowa fa," in ji Fiddausi, ma'aikaciyar jinyar da suka shirya zaman tare. "Baiwar Allah ta kawo kunu, ka kunyata ta."

"Ki dubi motar can. In muka tashi minti goma sun gama da mu."

Wajen sha ɗaya sai hayaniya ta ɗauke daga gabas. Masu babura suka riƙa sauka, masu shago suka miƙe tsaye. Makara ce tafe a kafaɗun mutane, an lulluɓe ta da tabarma, jama'a kamar arba'in na biye da sauri. Samarin Mannir har sun fara naɗe tabarmi, don ba a taɓa jin inda gawa ta zo mutum na zaune ba.

"Ku dakata," ya ce.

Ya san unguwar nan ciki da bai. Duk wanda ya fito daga cikin gari zai maƙabarta, ta lungun bayan masallaci yake yankewa, ya fi kusa nesa ba kusa ba. Me ya kawo makara babban titi, yau, a wannan sa'a? Ya saci kallon a-kori-kurar. Mutum huɗun sun yar da raken.

Ya sha gaban masu makara ya yi sallama. Wani magidanci mai jajayen idanu ya amsa, ya ce sunansa Habibu, mahaifinsa ne Allah ya yi wa rasuwa da asuba.

"Allah ya jiƙan shi. Amma mi ya sa kuka biyo ta nan?"

"Bawan Allah, hanya muke nema."

Mannir ya dubi makarar. Masu ɗauke da ita ko nishi ba sa yi, tana lilo a kafaɗunsu kamar ba komai a ciki. Sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Wa ya tabbatar muna akwai gawa cikin nan?"

Wurin ya ɗauki salati. Dattijon nan mai maganar zafi ya ce ga irin ta nan, daman ya faɗa, yaran da ba su bar wa Allah rana ba ai ba za su bar wa mamaci hanya ba. Mai kurkura ya sauko yana naɗe hannun riga. Fiddausi ta rufe fuska da mayafi don kunya. Habibu ne kaɗai bai ɗaga murya ba.

"Zo ka kama," ya ce. "Ka bi mu har can, ka gani da idonka."

Ba yadda za a yi ya ƙi. Mutumin da ya ƙaryata gawa a gaban jama'a, in ya ƙi rakiyarta, ya gama zama a Katsina. Ya sa kafaɗa. Samarinsa suka ja benci gefe, kuma da yake ba a kallon makara ta wuce, ɗaya bayan ɗaya suka bi sahu, kowa na son ya karɓa ya sami ladan ɗauka. Ya waiga ya ce wasu su tsaya, amma muryarsa ta ɓace cikin sawun ƙafafu. Mata ba sa bin gawa, don haka Fiddausi da 'yan uwanta uku ne kawai suka rage a kan titi.

Makarar ba nauyi. Duk tsawon hanya yana jin ta a kafaɗa yana ƙara gaskata kansa, yana ma shirya abin da zai faɗa in asiri ya tonu. Sai da aka sauke ta a bakin kabari aka yaye tabarma, ya ga likkafani, ɗan siriri, an ɗaure shi sama da ƙasa. Habibu ya shiga ramin, ya ɗago kai ya nemi Mannir a cikin taron.

"Malam, riƙe muna ƙafafun."

Ya riƙe. Ta cikin farin ƙyallen ya ji dugadugan tsoho, masu sanyi, ƙashi zalla, na mutumin da ciwo ya daɗe yana ci. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya so ƙasa ta haɗa da shi.

Ana jera itace a bisa gawar wayarsa ta fara rawa a aljihu. Ta tsaya, ta sake. Ya san Fiddausi ce. Sannan daga nesa, ta saman gidaje, ƙarar inji ta taso, ta yi ƙasa, ta sake tasowa. Samarinsa suka dubi juna, suka dube shi. Da gudu minti goma zai kai su, wataƙila a tsirar da rabin bedin. Amma ga kwaɓaɓɓiyar ƙasa a hannunsa, ga ɗan mamacin da ya kira maƙaryaci yana miƙo hannu ya karɓa. Ya yi wa samarin alama da kai su tafi. Shi ya tsaya, ya miƙa ƙasa, ya karɓi shebur, har aka tada kabarin aka shafa fatiha. Injin bai yi shiru ba, kuma ya san ba su cim masa ba.

Da jama'a suka fara watsewa ya matsa kusa da Habibu.

"Ka yafe mani. Na zalunce ka, na zalunci Baba."

"Ba komi. Allah ya yafe muna baki ɗaya." Habibu ya share fuska da hularsa. "Mu ma ba mu so muka tada ku ba. Ta lungun bayan masallaci muka yi niyya. Ana gama sallar gawa wani bawan Allah ya zo, ban ma san shi ba, ya ce an tone lungun ana aikin kwalbati, makara ba ta wucewa, mu bi babban titi. Har ya raka mu bakin hanya. Ka ga mutanen kirki ba su ƙarewa."

Ta wannan lungun Mannir ya biyo da safe a kan babur ɗinsa. Ko tsinke ba a tone ba.

Ya buɗe baki. Sai ya dubi idanun Habibu, ya dubi ɗanyar ƙasar da ke bayansa. In ya faɗa, mutumin nan zai rayu yana sane da cewa an yi amfani da gawar mahaifinsa an share hanya. Wayar ta sake rawa a aljihunsa.

"Haka ne, an tone," ya ce. "Allah ya jiƙan Baba."