Motar da Bitrus Ya Tono

A daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai ne Bitrus ya nutsar da motar kamfani a wata fadama kusa da Guri. Direba ne, mutumin Filato, ya ɗauko gishiri daga tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Masunta sun gaya masa ruwa ya taso, ya dakata. Ya ce shekararsa bakwai yana tuƙi, ba a taɓa turo shi ba. Motar ta shiga har tsakiya, ta yi tari sau biyu, ta zauna.

Gishiri ya narke, kamfani ya sallame shi, bai kuma damu da ciro motar ba. Kunya ta hana Bitrus komawa gida. Ya zauna a Haɗeja yana gyaran kekuna da injin niƙa, ya auri Dibora, malamar firamare, suka haifi Ladi. Shekara goma bayan haka, in ya je sayen kifi, masu kifin kan ce masa ba sai ya sa gishiri ba, wanda ya zuba a ruwa bai ƙare ba tukuna.

Sai aka shiga shekarun fari. Ruwan kogi bai malalo ba, fadama ta bushe ta tsattsage. Wani mai sassaƙa jirgin ruwa, Gana, ya zo rumfar Bitrus ya ce masa motarsa ta fito sarari, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Dibora ta ce ya bar ta inda Allah ya ajiye ta. Shi kuwa ya ce da ƙafarta ta shiga, da ƙafarta za ta koma kan hanya, kuma shi zai tuƙa ta ya ratsa kasuwar kifi.

Da shanun noma takwas aka jawo ta. Abin da ya samu ƙarfen gindi ne da inji cike da laka. Sauran duk ya yi ƙafa, domin kowane rani in ruwa ya ja baya mutanen ƙauye kan je su kwance abin da ya yi musu. Ba wanda ya ɓoye masa. Har nuna masa gidajen aka riƙa yi.

Bonet ɗin, wato murfin inji, yana wurin Yagana, wata tsohuwa mai bandar kifi, da shi take rufe murhunta. Ta ce ba ta ƙi ba, amma da me za ta rufe kifinta? Bitrus ya koma Haɗeja ya yanka durom, ya yi masa walda, ya sa masa raga hawa biyu da ƙofa, ya kai mata a kan keke. Ta gwada, ta ga itacen da yake ci bai kai rabin na da ba, ta ba shi bonet har da ƙunshin kifi. Kafin ƙarshen wata mata shida sun aiko a yi musu irin na Yagana.

Haka abin ya ci gaba. Rim ɗin taya ɗaya shi ne ƙararrawar makarantar ƙauyen, sai da ya ƙera musu wata. Tankin mai wani manomi ke zuba irin shinkafa a ciki saboda ɓera, sai da ya yi masa akwatin ƙarfe. Sifirin, ƙarafan da ke ɗauke nauyin mota, kuwa tuni maƙeri Ɗan'auta ya mai da su fartanyu da lauje, ya ce in Bitrus na so ya bi gonaki ya tattaro. A ƙarshe shi Ɗan'autan ne ya ƙera wasu da tsohon ƙarfen da aka samo a tashar jirgi.

Kujerar direba ce ta gagara. Tana zauren Bulama Bakari, mai ƙauyen, a kanta yake sauraron ƙara. Bitrus ya sa kafinta ya yi kujera mai hannu, aka sa mata katifar rimi, ya kai. Bulama ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya tashi ya koma kan tsohuwar.

"Malam Bitrus, shekara goma sha biyu ina raba gardamar gona a kan wannan, ba wanda ya taɓa wuce ni zuwa gaba. Taka ta yi laushi, barci zan yi."

"Ranka ya daɗe, ai ta motar ce."

"To, ka sa wa motar sabuwar. Ita ma ta sha wuya."

Haka aka yi, aka ɗaure kujera mai hannu a gaban sitiyari.

Injin ya ci shekara guda. Bitrus ya jiƙa shi da kananzir, ya je Kano sau huɗu wajen masu tsofaffin kaya, suna kiran juna su zo su ga mutumin da ke neman fistin irin na zamanin Turawa. Wanda bai samu ba ya goga da hannu. Gana, wanda rashin ruwa ya hana sassaƙa jirgi, shi ya yi bodin katako, bodin ya fito da ɗan ciki kamar na kwale-kwale. Duk wannan a tsakanin aikin murhu ake yi, don yanzu har daga Nguru ake aikowa. Bitrus bai taɓa ɗaukar murhun a bakin sana'a ba, cewa yake yana ɓata masa lokaci. Da kuɗin murhun aka sauya rufin gida, da shi Ladi ta tafi sakandare. Walda yake yi safe da yamma da tabaron kasuwa, in Dibora ta yi maganar idonsa da ke ja, ya ce hayaƙi ne.

Motar ta tashi a shekara ta uku. Lokacin kuɗin fetur ya shigo, ma'aikata sun sayi babura, sababbin manyan motoci sun cika hanyar Kano, amma duk da haka unguwa ta fito kallo. Washegari Bitrus ya sa wankakkiyar riga ya tafi sabunta lasin. Jami'in ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ya nuna allo a bango ya ce ya karanta. Ya karanta layin sama. Na biyu ya yi ta kintata. Jami'in ya ce ya matso, ya matso har ya kusa taɓa bangon, sannan ya gane haruffan. Mutumin ya ba shi haƙuri, ya ce ya je asibitin ido.

A Kano likita ya ba shi gilashi mai kauri, ya ce zai ga aikin da ke hannunsa, amma tuƙi ya wuce shi.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. A rana ta uku Dibora ta ajiye masa kunu ta ce, "Baban Ladi, murhu tara ne a tsakar gida, masu su na jira a Guri. Ɗana Sama'ila na wajen yaya yana da lasin, ba ya aikin komai."

Sama'ila ya tuƙa motar shekara shida. Kullum ƙorafinsa hannun kujerar na tokare masa gwiwar hannu in zai sa giya. Bitrus kan zauna a gefe da gilashinsa, ya karkata kai yana sauraron injin, ya ce a rage wuta, a sa ta biyu, akwai rami a gaba. Ramin yakan kasance an cike shi tun bara, amma Sama'ila sai ya rage wutar.