Salansa Mai Baki Biyu

Duk ranar Juma'a Talha kan tashi daga Kankia a kan babur ɗinsa ya tafi Mawashi gaida kakarsa Sa'a. Idonta ya daɗe da tafiya, amma kunnenta garau. Salansar babur ɗin a fashe take, tun daga nesa tsohuwar ke jin rurinta, sai ta jawo ƙwarya ta hau dama fura tana shelanta wa gida cewa ga mijinta nan tafe, irin wasan kaka da jika.

Sai dai abin da ke faranta mata shi ke firgita shanun huɗar Manu, maƙwabcinta. Ran nan bijiminsa ya tsinke igiya ya tattake masa shuka. Manu bai yi faɗa ba, nuna wa Talha gonar kawai ya yi, abin ya fi zagi ciwo.

Talha ya sa sabuwar salansa marar ƙara. Da Juma'a ta zagayo ya shiga gidan har tsakar gida ba wanda ya ji. Ya tarar da Kaka Sa'a zaune, kunne a bakin ƙofa, ƙwarya a kife.

"Haka miji ke shigowa, kamar ɓarawon kaji?" in ji ta. Ta yi dariya, amma ya ga ba ta kai ciki ba. Ashe jiran ma wani abinci ne a wurinta, shi kuwa ya ƙwace mata.

Ya kwana biyu yana juya abin. In ya kyauta wa Manu ya zalunci tsohuwa, in ya kyauta mata ya cuci Manu. Ya kai kukansa wurin Hafizu bakanike, wanda ya ce ai manyan babura na da wani ɗan marfi cikin salansa, mai buɗewa da rufewa. In ya buɗe, inji ya sami numfashi, ya yi ƙarfi a guje, ya yi ruri. In ya rufe, ƙara ta kwanta, babur ya riƙa ja a hankali ba ya shaƙewa. Suka yanka ƙarfe, suka ɗaura marfin da tsohuwar wayar birki zuwa hannun babur na hagu. Na farko ya maƙale, Hafizu ya ƙone yatsa, na biyu ya yi.

Ranar Juma'a, da Talha ya iso yashin rafin da ke bayan gari, inda dama babur ke neman ƙarfi, ya ja waya marfi ya buɗe, ya murɗa totur. Babur ya yi ruri ya haye kamar an tunkuɗa shi. Kafin ya kai turken shanun Manu ya saki waya, ƙara ta kwanta. Bijimin ko kunne bai kaɗa ba. Manu ya ɗago daga noma ya bi shi da kallo, baki buɗe, sannan ya ɗaga masa fartanya.

A gida ya iske fura ta damu, har da ludayi a kai.

"Na ji ka a rafi, sai ka ɓace mini," in ji Kaka Sa'a. "Na ce ko wata ce ta tare min kai a hanya."

"Wa zai kalli mijin tsohuwa, Kaka?"

Ta lalubo kunnensa ta ja, tana dariya har da tari, ta tura masa ƙwaryar gabansa.