Madubin Aro daga Samaru

Malama Tabitha ta san Mordecai tun yana sabon malamin kimiyya mai wando ɗaya, yana aron littafin darasinta ya kwafe har da kurakuran da ke ciki. Bai jima ba ya gane alli ba ya ɗaga mutum. Sai ya koma riƙe wa shugaban kwamitin makaranta jaka. Daga nan ya zama jami'in jarrabawa, ya zama mataimaki, yau ga shi firinsifal a makarantarsu ta Sabon Gari, ga tumbi ga kwat. Ita kuwa shekara ashirin da biyu tana koyar da ilmin halittu a kan allo, ko kwalbar gwaji ba ta da ita. Ta raina mutumin nan, kuma shi ma ya sani.

Bana hukumar jarrabawa ta ce za ta turo mai duba makarantu. In babu ɗakin gwaje-gwaje na gaskiya, yara arba'in da bakwai na ajin ƙarshe ba za su zauna jarrabawa ba. Sau uku Tabitha tana rubuta masa a sayo kaya. Gogan naka sai ya sa aka shafa wa duwatsun bakin ƙofa farar ƙasa. Ana gobe mai dubawar za ta zo, ya tura a-kori-kura Samaru, wata makaranta ta ara musu madubai shida na ganin ƙananan halittu.

"Ranka ya daɗe, a ba ni ko awa ɗaya in nuna wa yara yadda ake aiki da su," in ji Tabitha.

"Su fasa kayan mutane? Malama, ki tsaya a matsayinki." Ya kulle ɗakin, ya jefa makullin a aljihu.

Mai dubawar, Madam Busola, mace ce marar yawan magana. Ta kalli maduban, ta ce a kira ɗalibi. Caraf Mordecai ya shiga gaba, wai ai shi ma ɗan hannu ne. Ya kafa ido, ya murɗa nan, ya murɗa can.

"Ga su nan! Ƙwayoyin ɓawon albasa, tar da su!"

Madam Busola ta sunkuya ta duba. "Yallaɓai, ba a ɗora komai a ƙarƙashi ba."

Tirƙashi! Tabitha ta so ta yi dariya, amma takaici ya hana ta. Aka kira Nonye, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Ta tsaya hannu a baya, ta ce, "Ma, a kan allo kawai na taɓa ganinsa." Madam Busola ta yi rubutu layi biyu ta rufe fayil.

Ran Litinin firinsifal bai fito taron safe ba. Takarda ya aiko wa Tabitha: ta bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ɗalibanta ba su san madubi ba, sannan ta sanar da ajin cewa bana babu jarrabawa. Ta ja tsaki, ta shiga ajin, ta faɗa musu ba kwana-kwana.

 Sai Nonye ta ɗaga hannu, idonta cike da hawaye.

"Malama, da na yi ƙarya na ce na iya, da an bar mu mun rubuta?"