Gawo Bakwai na Gonar Maikano

Duk Dogon Dutsi an san halin Maikano mai hoto. Mutum zai sha rawani ya zauna a ɗauke shi, idon Maikano kuwa yana can kan itacen da ke bayansa. Matarsa Ladidi takan ce ita mai gaida itatuwa ta aura.

Wata damina aka kawo sabon nasara mai aikin hanya. Ya ga gawo bakwai a gonar da Maikano ya gada, tsirara ba ganye, alhali ko'ina kore shar. Nan take ya ce matattu ne, ran Litinin a sare a gasa bulo da su. Baƙo ko da ido makaho ne. Ina zai san gawo da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya tofo? Tsofaffi suka faɗa wa tafintan nasara haka, nasara ya ce tatsuniya ce.

Hankalin Maikano ya tashi. Ubansa ne ya reni itatuwan nan tun suna tsiro, kuma a gindinsu gero ya fi kai. Ya zazzage akwatinsa har ya samo hoton da ya ɗauka da ranin bara, wanda ya yi safiya uku yana jiran rana ta ratso rassan yadda yake so, Ladidi na yi masa dariya.

Ran Litinin, masu gatari sun riga sun kewaye na farko. Maikano ya roƙi nasara ya tako daidai inda ya kafa akwatin hotonsa bara, ya miƙa masa hoton. A cikin hoton, ga dutse a baya, ga gawon da tsawa ta tsaga gida biyu, ganye cunkus, haske na tsiyayowa ta tsakani, shanu kwance a ƙasa.

Maikano ya dubi tafinta ya ce, “Hwaɗa mishi, mataccen icce ba shi inuwa.”

Nasara ya dubi hoto, ya dubi itace, ya ƙirga rassa da yatsa. Can ya cire malafa ya sosa kai, ya ce a mai da gatura. Daɗi ya kama Maikano.

Da yamma Ladidi ta karɓe hoton. Ta goge shi da bakin zanenta, ta rataye shi saman jeren kwanukanta, inda duk mai shigowa zai fara gani.