Bokitan Fenti

Mai fentin bai taɓa mallakar kicin ba sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Yana yaro uwarsa ke dafawa. Da ya fara bin aiki, masu abincin bakin hanya suka karɓe shi. Da ya yi aure kuma, tsadar haya ta sa suka raɓa a gidan surukarsa, tukunyarsu ɗaya da tsohuwa. Iliminsa na girki bai wuce wanke hannu ya zauna ba. Sai matar ta rasu ta bar masa yarinya, zaman gidan suruka ya zama abin kunya. Ya tattara 'yan kayansa ya koma kwana a duk ginin da suke yi wa fenti, yarinyar ta zauna wurin kakarta.

Yanzu yarinyar ta isa shiga aji biyu, tsohuwa kuma ƙafa ta fara ba ta wahala. Ƙanwar marigayiyar, wadda ke aure a wani gari mai nisan gaske, ta aiko cewa a ba ta yarinyar kafin a koma makaranta. Da labarin ya iso masa, ko kayan aiki bai cire ba ya je ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Mama, 'yata ce. Ni ya kamata in riƙe ta."

"Wa ya ce ba 'yarka ba ce? Me za ka ba ta ta ci? Burushi?"

Ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ba muguwa ba ce, bakinta ne kawai ba ya da birki. Ta dube shi, ta dubi fentin da ya bushe a faratansa, sai ta sassauta murya.

"Ka nemi ɗaki mai wurin girki. Ka aje abinci, ba irin na sayo yau a cinye yau ba. Kafin a koma makaranta zan zo in gani. In hankalina ya kwanta, ka ɗauke ta. In bai kwanta ba, kar ka ga laifina."

Ɗakin da ya samu a hawa na biyu yake, a wani tsohon gini. Abin da mai gidan ya kira kicin wani lungu ne da in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango biyu. Akwai famfo mai ɗiga, da kanta guda ta katako, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Ya kankare bangon ya shafa masa ragowar farin fenti. Ya sayi ƙaramin gas na hannu, tukunya biyu, ludayi, faranti da cokula. Abin da ya rage a aljihunsa shi ne na abinci, kuma ba shi da auki.

Ranar da aka biya su ya tsaya gaban mai shagon kayan abinci yana ta kallon buhuna kamar wanda ya zo gaisuwa.

"Malam, saye za ka yi ko gadi aka ɗauke ka?" in ji mai shago.

"Abinci nake so wanda zai daɗe. Da yarinya ƙarama."

"To ka rabu da kayan gwangwani da masu ƙyalƙyali, kuɗin ledar kake biya. Ka ɗauki shinkafa da yawa, sai wake, sai fulawa da sukari. Tumatir da albasa kullum ka sayi na ranar. Da yawa ya fi araha, amma fa sai kana da wurin ajiya."

Wurin ajiyar nan ne bai ɗauka da muhimmanci ba. Ya jingina ƙaramin buhun shinkafa a ƙasan famfo ya tafi aiki. Kafin mako ya zagayo ɓeraye sun huda gindin buhun, ɗigon ruwa ya jiƙa gefe guda, ya yi baƙi. Ya tsuguna yana tsince kashin ɓera daga shinkafa, ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya kwashe ya zubar. Ranar ya ji tsoro sosai, domin bai taɓa sanin abinci ma sai an yi gadinsa ba.

Ya koma kasuwa neman robobi masu murfi. Da aka faɗa masa kuɗin guda ɗaya, sai ya ga ya kusa kuɗin abin da za a zuba a ciki. Ya ajiye ta a hankali ya yi gaba. Washegari a wurin aiki, yana cikin goge rolar fenti, idonsa ya faɗa kan bokitan fenti da aka tara a bayan gini. Manya ne, masu kauri, murfinsu in ya kama sai da ƙarfe ake ɓalle shi. Ko ɓeran da ya yi karatu ba zai shiga ba. Ɗan kwangilar da suke wa aiki ya ce ya kwasa, dama kuɗi zai biya a zubar.

Ya wanke su yadda duk mai fenti ke wanke kayansa. Na fentin mai ne, ruwa ba ya cire shi, saboda haka ya zuba tina, ruwan nan mai ƙarfi da suke narkar da fenti da shi, ya dirje ciki da tsumma har robar ta fito fes. Ya bi da garin sabulu, ya ɗauraye, ya kife su a rana. Ya shafa yatsa a ciki, ba maiƙo, ba ɗigon launi. Ya sa kai ya shinshina, bai ji komai ba. Abokan aikinsa ma sun yaba, har ɗaya ya ce shi ma zai kai wa matarsa.

A biya na gaba ya sake sayen komai. Wannan karon har takalmin aikinsa da ya yage ya haƙura da shi. Ya juye shinkafa a bokiti biyu, wake a ɗaya, fulawa a ɗaya, sukari a wani ƙarami. Ya danne murafe da gwiwa, ya ɗora su kan bulo don danshi, ya ɗauki siririn burushi ya rubuta sunan kowanne a jikinsa da hannunsa mai kyau. In ya dawo aiki sai ya tsaya a bakin kicin yana kallonsu kawai.

Bai ƙara buɗe su ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba da takaici a labarin nan. Gani yake in ya taɓa za su ragu, tsohuwa ta zo ta tarar da rabi. Sai ya riƙa cin burodi da shayi, in zai koyi girki ya sayo 'yar shinkafa a leda daga shago. Ya ƙona, ya caɓe, ya cika gishiri, har dai hannunsa ya faɗa. Shinkafar bokiti kuwa tana nan a rufe, makonni, ba iska ba motsi.

Ranar da tsohuwa da yarinyar za su zo ya tashi da wuri ya share ɗaki. Ya shimfiɗa sabon zanen gado a 'yar katifar da ya saya wa yarinyar. Ya ɓalle murfin bokiti a karon farko, ya auna shinkafa, ya wanke, ya ɗora. Ya yi miyar tumatir da 'yan yankan nama. Ya ɗanɗana miyar, gishiri ya yi daidai. Ya latsa ƙwayar shinkafa da yatsa, ta nuna.

Da rana suka iso. Tsohuwa ta hawo matakala tana hutawa, tana mita. Yarinyar ta riga ta zuwa, ta faɗa jikinsa da 'yar jakarta a baya. Ba wanda ya ce ta haɗo kaya, ita ta haɗo abinta.

"Kai, wannan warin fenti fa?" in ji tsohuwa tun daga bakin ƙofa.

"Bangon ne, Mama. Na shafa masa sabo."

"To buɗe taga, kar ka kashe mu."

Ta shiga kicin ta tsaya. Ta ga bokitai a jere kan bulo, ta sa ya buɗe mata ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa daga tsaye, kowanne cike har wuya. Ta ƙwanƙwasa murfi da sandarta.

"Wa ya koya maka ɗorawa kan bulo?"

"Ɓeraye, Mama."

Ta yi dariya, dariyar da rabonsa da ji tun 'yarta na da rai. Ta ce ashe dai yana da kai. Shi kuwa ƙirjinsa ya cika, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Suka zauna a tabarma. Ya zuba wa tsohuwa, ya zuba wa yarinyar. Nasa ya bari a tukunya, domin zumuɗi ya toshe masa ciki. Tsohuwa ta tsaya neman maganin ƙafarta a jaka, sai an sha kafin a ci abinci. Shi kuma ya koma kicin ɗebo mata ruwa. Yarinyar ta ja farantinta ta fara.

Tsohuwa ta haɗiye magani, ta ɗebi cokali guda ta kai baki. Ba ta ko tauna sau biyu ba ta tofar a tafin hannunta.

"Me ka zuba a abincin nan?"

"Gishiri ne kawai, Mama, sai ɗan mai."

Ta miƙe da ƙyar ta koma kicin, yana biye da ita. Ta tura hannu can cikin shinkafar, ta damƙo, ta kai hanci, ta kawar da kai da sauri. Ta yi wa wake haka, ta yi wa fulawa. Sukarin ma ta lasa ta tofar.

"Da me ka wanke bokitan nan?"

"Da tina. Amma na bi da sabulu, wallahi na bi da sabulu. Har rana na shanya su."

"Shinshina."

Ya karɓi shinkafar a hannunsa ya kai hanci. Ya ja numfashi har ƙirjinsa ya yi zafi. Ya durƙusa ya cusa kansa cikin bokitin gaba ɗaya. Ya ɗago yana kallonta.

"Ba ka ji ba?"

"Ba na jin komai, Mama."

"Abin da ke hawa kai tun daga nan, kai ba ka ji?"

Ya girgiza kai. Shekara da shekaru yana shaƙar fenti da tina a rufaffun ɗakuna, hancin ya mutu a hankali, bai san ranar da ya mutu ba. Ba abin da ya taɓa tambayar hancin sai yau.

Ya jira faɗa, ya ma fi son ta yi faɗan. Tsohuwa ba ta yi ba. Ta jingina da bango ta dubi ƙaramin gas ɗin da ke ƙasa.

"Abincin nan duk ya tashi aiki, ko kaji ba a ba su. Wannan da sauƙi, ana sake saye. Amma in wannan abin ya yi yoyo kuna ɗaki fa? In nama ya juya? In madara ta lalace? Wa zai gaya maka?"

 Ya so ya ce zai riƙa kiran maƙwabta, ya so ya ce zai je asibiti. Shi kansa ya ji maganganun ba su da ƙafa.

Sai a lokacin suka tuna da yarinyar. Tana zaune inda suka bar ta, ta miƙe baya, hannuwanta kan gwiwa. Farantinta ba ko ƙwaya. Idanunta sun cika da ruwa, ta datse leɓɓa tana ta haɗiyar yawu.

"Innalillahi! Cinyewa kika yi?" Tsohuwa ta yi kanta. "Ba ki ji ɗacin ba? Ba ki ji warin ba?"

Yarinyar ta gyaɗa kai, ta ji. Ta yunƙura za ta yi magana, sai amai ya ƙwace mata. Ya ɗauke ta da gudu zuwa bakin famfo, ya riƙe mata goshi, jikinta na karkarwa a hannunsa har cikin ya zama wayam. Ya wanke mata baki, ya goge mata fuska da gefen rigarsa.

"Baba, yi haƙuri," ta ce. "Na so in riƙe shi."

"Ba komai, 'yar Baba. Ba laifinki ba ne."

Tsohuwa ta share idonta da bakin mayafi, ta ɗauki 'yar jakar yarinyar ta rataya a tata kafaɗar. Ta ce su biya ta wurin mai magani a duba ta kafin su wuce gida. Ba ta ce komai game da ƙanwar marigayiya ba, shi ma bai tambaya ba, domin ya riga ya san wurinta za a kai yarinyar.

Shi ya sauko da yarinyar a kafaɗa. Ya tsayar da tasi, ya taimaka wa tsohuwa ta shiga, ya zaunar da yarinyar kusa da taga. Ya ce zai bi su, tsohuwa ta ce ya bari, ya je ya kashe gas ɗinsa ya tabbatar da hannu. Direba ya tada mota. Yarinyar ta leƙo da kai, fuskarta duk ta faɗa.

"Baba, kar ka zubar. In na warke zan iya ci."

Ya ce to. Motar ta ja.