Masallacin da Ya Ƙi Fita ta Ƙofa

Ranar Alhamis da hantsi muka gane cewa masallacin da Cenning ta gina ba zai fita ta ƙofar gidanmu ba.

Cenning 'yata ce, ita ce babba, tana ajin ƙarshe a sakandaren Barru. Abin da ta gina kuwa tsohon masallacin katako ne na ƙauyenmu, wanda aka rushe tun ba a haife ta ba aka yi na siminti a wurinsa. Da ƙananan bulullukan roba ta yi shi, irin waɗanda yara ke harhaɗawa suna wasa. Amma kafin ta taɓa bulo ko guda, sai da ta gama ginin kakaf a cikin kwamfuta. Akwai wata manhaja da take aiki da ita, mai ɗauke da kowane irin bulo. Ta zaɓo ɗaya, ta juya shi, ta ɗora a kan wani ya zauna daram. In ta ga dama ta kife ginin gaba ɗaya ta leƙa ƙarƙashinsa, ko ta ɗage rufin ta duba ciki.

Ni kiwon kifi da jatan lande nake yi, karatuna bai yi nisa ba, kuma tun ranar da kawunta Baharu ya ba ta tsohuwar kwamfutarsa hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron idanunta, ina tsoron jarrabawa, ina tsoron ruwan sama ya ɗigo a kan na'urar. Ita kuwa sai ta rungume ta, ta bi dattawa gida-gida, domin hoton masallacin guda ɗaya ne ya rage, shi ma ya dushe. Wannan ya ce tagogi a dama suke, wancan ya rantse a hagu. Ta yi ta gyarawa a gabansu har suka daina musu.

Da ta aika zanen ga wata ƙungiyar masu irin wannan gini a birnin Makassar, sai suka zaɓe shi. Suka aro mata bulullukan kwali-kwali, suka ware mata tebur a baje kolin da za su buɗe ranar Asabar. Sharaɗinsu guda ne: ginin ya iso kafin magaribar Juma'a, in ba haka ba a ba wani teburin, don masu jira suna da yawa. Ranar da saƙon ya zo, sai da na zagaya tafkina ba tare da na san abin da na je yi ba.

Gidanmu na katako ne, a kan dogayen dirkoki yake, sai an hau matakala. A ɗakin gaba ta haɗa masallacin, a kan wani faffaɗan allon katako. Kullum muna ganinsa yana girma, daga dirkoki zuwa daɓe, daga daɓe zuwa rufin nan mai hawa uku, amma babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi ƙofa. Ni ma fargaba ce ta sa na ce bari in gwada yadda za mu fitar da shi kafin Baharu ya kawo motarsa. Na ɗauko sandar gora na auna allon, na kai ta bakin ƙofa. Sandar ta ƙi shiga. Na juya ta, na sake aunawa, na kuma zargi sandar. Allon ya fi ƙofar faɗi da kusan tafin hannu biyu.

Cenning ta zo ta tsaya a bayana. Na tambaye ta ko za a iya karkata shi, ta ce rufin zai zube. Na tambaya ko za a raba shi biyu, ta girgiza kai. Ta bi yadda magabata suka yi nasu ne, dogayen katakai sun ratsa dirkoki daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in ka zare ɗaya sai sauran su biyo shi. Sake haɗawa kuwa aikin makonni ne.

"Ambo, komai na auna a kwamfuta," ta ce, da yake haka ake kiran uba a wurinmu. "Har gangar kiran salla na auna. Ƙofarmu ce kawai ban sa a ciki ba."

Na fara lissafin yadda zan lallashe ta, in ce mata wata shekarar ma akwai baje koli. Sai mahaifiyarta, Hadera, ta fito daga kicin tana goge hannu a zane. Ta dubi ginin, ta dubi ƙofar, ta dube mu.

"Gidan nan da kuke tsaye a ciki, a kafaɗa mutanen ƙauyen nan suka ɗauko shi daga bakin kogi," ta ce. "Shi ne bango guda zai gagare su? A cire bangon."

Gidan nata ne, gadon mahaifinta, ni ko da wasa ba zan fara faɗin haka ba. Amma tunda daga bakinta ya fito, ban tsaya neman takalmi ba na sauka da gudu zuwa wurin Daeng Parani, dattijon da ke ba da umarni duk lokacin da za a ɗaga gida a ƙauyenmu.

Ya zo yana dogara sanda, ya hau matakala da ƙyar, ya durƙusa gaban ginin. Ya bi shi da kallo daga dirkoki har rufi. Can ya nuna wata taga kusa da ganga, ya ce ta nan ya taɓa tserewa daga karatu, malam ya kamo shi ta ƙafa. Sannan ya miƙe ya yanke hukunci: gobe bayan sallar Juma'a, kuma yadda ake yi wa kowane gida, kayan zaƙi kafin a ɗaga, miya bayan an sauke. Na ce masa mutum huɗu ma sun isa, abin ba shi da nauyi sosai.

"Kai da 'yarka kun san bulo," ya ce. "Amma masallaci ba a ɗaukarsa da mutum huɗu."

Washegari tun da asuba matan unguwa suka cika ƙarƙashin gidanmu, ana kankare kwakwa, ana naɗe kwaɓin ayaba a ganye. Bayan an sallame salla liman ya yi sanarwa, ya ce masallacin da aka rushe yana neman masu ɗauka. Aka yi ta dariya, amma kusan duk sahun gaba suka biyo mu, da zannuwansu da hulunansu. Aka ci, aka sha kofi. Matasa suka hau suka bubbuge turakun da ke riƙe bangon gaba, suka zuro shi ƙasa da igiya. Sai ga ɗakinmu a buɗe, duk ƙauye na kallon labulenmu da hoton aurenmu, ga masallacin a tsakiya rana na haska shi. Wani tsoho a bayana ya yi salati a hankali.

Daeng Parani ya sa aka kawo gora, ya ce a ɗaura a kusurwa huɗu kamar kullum. Cenning ta matso kusa da shi da kwamfutarta, ta ce masa cikin ladabi allon siriri ne, in aka riƙe gefe kawai tsakiya za ta lotsa. Ta kife ginin a fuskar kwamfutar, ta nuna masa manyan dirkoki huɗu da ke ɗauke da rufin, ta ce a ƙarƙashinsu ya kamata gorar ta bi. Maza suka yi dafifi suna leƙe. La Sise mai sayar da kifi, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ko'ina, ya ce ta ƙara juya shi ya ga ko takalman liman, waɗanda ya ɓoye yana yaro a ƙarƙashin matakala, suna nan. Aka ce masa ai shi ya sa har yau addu'arsa ba ta wuce rufi.

Dattijon ya dubi fuskar kwamfutar, ya dubi ginin. Ya ce idonsa ba zai gane dirkar da ta goce ba sai bayan ta faɗi. Ya ɗaga sandarsa ya miƙa wa Cenning.

"Wanda ya san gida shi ke kiran ɗagawa. Karɓi, jikata."

Ban taɓa ganin an ba mace sandar nan ba, balle yarinya. Ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Na matsa zan kama gora, Daeng Parani ya dube ni ya ce a'a, ni aikina in kore kaji daga hanya.

Kiranta na farko ko ni ban ji ba. La Sise ya ce shi dai sauro ya ji ya wuce. Ta buga sandar a daɓe, ta ɗaga murya, sai ga masallaci ya tashi. Na sama suka zuro shi a hankali a kan dogayen gora biyu, na ƙasa suka miƙa hannuwa sama suna jira. Wata gora ta yi ƙara, na ji kamar ƙashina ne. Amma ya sauka a kafaɗu lafiya, ko bulo ɗaya bai motsa ba. Mata suka ɗauki shewa, yara suka ruga gaba, ni kuma ina ta korar kajin da tuni suka gudu.

Mota ba ta shigowa unguwarmu. Kafin a kai titi sai an bi ta kan gaɓar da ta raba tafkina da na maƙwabcina, wadda mutum biyu ba sa jerawa a kanta. Ba wanda ya tsaya shawara. Suka naɗe zannuwa suka faɗa ruwa, rabi ta wannan tafki rabi ta wancan, ruwa har ƙugu, masallacin na tafiya a sama da gaɓar. Cenning na gaba tana tafiya da baya, tana cewa na dama su ɗaga kaɗan, na hagu su rage sauri. Ni ban san lokacin da na shiga ruwan ba. Na dai tsinci kaina ina bin gefensu da hannuwa a buɗe, kamar mai bin yaron da ya fara tatata.

Mun kusa tsakiya ƙafar La Sise ta zurma cikin laka. Ya tafi gaba ɗaya, hularsa kawai ta rage a saman ruwa. Kusurwar da yake riƙe ta yi ƙasa, ta faɗo a kafaɗata, na rungume gorar da hannu biyu na ƙame. A gaban idona hawan rufin na sama ya fara zamewa.

"Kowa ya tsaya! Ambo, kada ka motsa, ko numfashi."

Ban motsa ba. Cenning ta durƙusa a kan gaɓar, ta miƙa hannu a hankali, ta tura rufin da yatsu biyu har ya koma mazauninsa, ta danna shi. Na ji ɗan ƙaran shigarsa. La Sise ya taso yana tofar da ruwa, ya ce jatan landena ne suka ja shi don sun san shi ke karya musu farashi. Dariya ta kusa kayar da mu duka, sai da Cenning ta buga sanda. Ya zo zai karɓi kusurwarsa na hana shi. Ni na kai ta har titi.

Baharu ya shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kurarsa, muka ɗora allon a kai. Sauran suka koma shan miya, mu shida muka hau baya muka kewaye shi. Na ƙi shiga gaba. Duk ramin da na hango sai in bugi kan motar, har Baharu ya leƙo ya ce in na ƙara bugawa zai ba ni tuƙin. Masu babura suna wuce mu suna ɗaukar hoto. Rana na ta yin ƙasa, ina duban ta ina duban hanya, kayana suka bushe a jikina da lakarsu.

Ba a kira magariba ba muka isa. Mai gadin ginin ya dubi ƙafafunmu, sannan ya dubi abin da muke ɗauke da shi, ya buɗe mana ƙofofin biyu duka. A ciki tebura ne jere, ga jiragen ruwa, ga dogayen benaye, ga tashar jirgin ƙasa, duk na bulo. Tebur ɗaya ne babu komai a kansa. Cenning ta yi kira na ƙarshe, muka sauke.

Wani mai gilashi, shugaban ƙungiyar, da ake girmamawa da kiran Pak Yosafat, ya zo ya zagaya ginin, ya durƙusa ya leƙa tsakanin dirkoki. Cenning ta buɗe kwamfutarta tana gwada kowane gefe da zanensa, ta ce komai na nan. Ya tambaye ta ta ina ake raba shi in za a ɗauka. Ta ce ba a raba shi. Ya cire gilashin, ya tambayi yadda aka yi ya fita daga gida.

"Bango muka cire, Pak."

Ya yi dariya har ya dafa tebur, ya kira abokansa su zo su ji. Sannan ya ɗauko ɗan kati ya ajiye a gaban ginin, sunan Cenning a sama, sunan ƙauyenmu a ƙasa. Na karanta shi a hankali, na sake karantawa.

Na koma gefe na kira Hadera a waya, ina ta ba ta labari ban ko gaishe ta ba. Ta bar ni na gama. Ta ce Alhamdulillahi, ta ce in faɗa wa yarinyar ta ci abinci. Sannan ta ce mutanen sun shanye miyar tas sun watse, bangon kuma yana nan jingine a jikin bishiyar mangwaro, in yi sauri in dawo.